Me za mu kira shi idan ƙwayar sanƙarau ta daina jin magani?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kai kan sanƙarau kafin zafin Maris da Afrilu, sai fassarar "antibiotic resistance", wato ƙwayar cuta ta daina jin magani, ta tsaye mana. An kawo shawara uku: juriyar magani, garkuwar ƙwayar cuta, da bijirewa. Ma'aikatan lafiya, wacce za ta fi isar da saƙon?

Likitan yara: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah a ajiye "juriyar magani". Dama mutane na cewa "jikina ya saba da maganin", kalmar za ta ƙara tabbatar musu da wannan kuskuren, alhali bakteriyar ce ke canzawa, jikin mutum yana nan yadda yake. Manyan bakteriya masu kawo sanƙarau uku ne: meningokokus mai tayar da annoba da rani, nimokokus wanda ya fi kisa da barin kurumta, sai Hib a ƙananan yara. Hib kan fitar da wani sinadari da ke farfasa maganin amfisilin. Nimokokus kuwa sauya wurin da maganin fenisilin ke kamawa a jikinsa yake yi, kamar an canza kwaɗo an bar ka da tsohon makulli. Duk kalmar da za a zaɓa, ta ɗora aikin a kan ƙwayar.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Haka ne, Likita. "Garkuwa" ma ba za ta yi ba, mun riga mun ba garkuwar jiki wannan kalmar, kuma a takarda ɗaya za a yi maganar rigakafi. Ina bayan "bijirewa", da sharaɗin kada a yi ta a kan zato. Ana ɗebo ruwan laka daga ƙasan baya, a shuka shi a faranti, idan ƙwayar ta tsiro a ɗora mata ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Bayan awa 18 zuwa 24 a auna filin da ta kasa tsirowa a gefen kowanne. Inda ta tsiro har jikin takardar, ta bijire wa wannan maganin. Abin da ke ɓata gwajin shi ne a kawo yaro bayan an ɗirka masa kafso a gida, sai faranti ya fito fayau alhali cutar tana nan. Kuma zazzaɓi ya ƙi sauka ba lallai bijirewa ba ce: jabun magani, ƙarancin awo da zuwa a makare duk suna jawo haka.

Mai harhaɗa magunguna: Hajiya ta taɓo wurin. Shi kansa antibayotik a rubuta shi "maganin bakteriya", domin "maganin ƙwayar cuta" ya haɗa har da bairos, wanda wannan magani ba ya taɓawa. A rubuta ƙarara cewa ja da yalo na kyamis ba ya maganin sanƙarau. Allurar seftriyazon ake yi a asibiti, bisa nauyin yaro, kuma a kammala kwanakin ko da wuyan yaron ya saki.

Jami'in rigakafi daga Damagaram: Ranku ya daɗe, a nan ma "bijirewa" ana gane ta. Amma kada a yi amfani da ita ga rigakafi. Allurar rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya nau'in A na meningokokus. Annobar Yamai ta 2015 da ta Zamfara da Sakkwato a 2017 nau'in C ne, wanda allurar ba ta shafa ba tun farko, ba wai ƙwayar ta bijire mata ba. Allurar rigakafin Men5CV da Najeriya ta fara bayarwa a 2024 ta haɗa A, C, W, Y da X.

Likitan yara: A ƙara da alluran rigakafin Penta da PCV da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 bayan haihuwa, su ne ke tare Hib da nimokokus.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. A kanun takarda za mu sa "bijirewar bakteriya ga magani". A rediyo da gaban iyaye kuma a ce "ƙwayar cutar ta daina jin wannan maganin", tare da ambaton sunan maganin, don kada a ɗauka duka magunguna ne suka gaza.