Muhawarar dangi: gorar haidirojin da ciwon Inna

Sani: Salamu alaikum. Na ga wata gora mai caji a Kasuwar Dole, kana danna maɓalli sai ƙananan kumfa su riƙa tasowa daga gindinta. Mai ita ya ce ruwan haidirojin ke nan, yana sauke kumburi, yana narkar da kansa, wato ciwon daji. Mu haɗa kuɗi mu saya wa Inna.

Hadiza: Yaya Sani, kuɗin motar Yamai muke tarawa fa. Asibitin Damagaram sun riga sun ba ta takarda.

Malam Isufu: Ƙanwata, maganar tana da tushe. A 2007 Shigeo Ohta da abokan aikinsa a Japan suka nuna iskar haidirojin tana kashe kaifin wata guba mai suna haidiroksil da ke lalata ƙwayoyin jiki. Ɓerayen da suka shaƙe ta, ɓarnar ƙwaƙwalwarsu ta ragu.

Hadiza: Ɓeraye, Malam, kuma shanyewar jiki aka gwada, ba kansa ba. Na kansar fata da aka yi a Amurka a 1975, ɓerayen an rufe su ne cikin akwati mai matsin iska ninki 8. Ina gora ina wannan? Lita guda ta ruwa ba ta riƙe fiye da miligiram 1.6 na haidirojin, kuma da ka buɗe murfi ya fara tserewa. Hanjinmu ma kullum yana yin haidirojin. Gwajin da aka yi a kan mutane ƙanana ne, babu wanda ya tabbatar yana warkar da kansa.

Sani: To ai ruwa ne, ba ya cutarwa.

Hadiza: Jinkirin ke cutarwa. Ina wanke wa mata miki a wurin aiki, kullin da ya fara kamar gujiya sai sun gama zagaye magunguna suke zuwa, nono ya riga ya fashe. Kuma hasken da ake gasa kansa da shi a cibiyar Yamai, da wannan haidiroksil ɗin yake kashe ciwon. Ba na son a ba ta komai likitanta bai sani ba.

Kawu Mamman: Kuɗin dangi na mota ne. Hadiza, ki shirya takardunta, Litinin za ku tashi.

Sani: Na ji, Kawu. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Hadiza, ki tambayar mini likitan, in ya yarda zan saya da kuɗina.

Hadiza: Zan tambaye shi a gaban Inna, Yaya.