Muhawara: karin murya ne ke sa Bayahude kuka a wurin addu'a, ko ma'anar kalmomin?

Ɗan Birni: Salam jama'a. Ni dai ina kan bakana, a addu'ar Yahudawa karin murya ne ke buɗe zuciya, kalmomi daga baya suke biyowa. Hujjata Kol Nidre, wadda suke buɗe daren Yom Kippur da ita, ranar azuminsu ta neman gafara. Na kalli bidiyonta, jama'a cikin fararen kaya, dattawa biyu sun rungume naɗaɗɗiyar Attaura sun sa mai jan addu'a a tsakiya, ya fara ƙasa-ƙasa kamar mai jin nauyin shiga fada, sau uku yana maimaitawa kowane karo muryar na ƙara tashi, wani tsoho a sahun gaba ya ja mayafi ya rufe fuska kafaɗunsa na rawa, wallahi ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi. Da na nemo fassarar ashe sanarwa ce irin ta gaban alƙali da harshen Aramiya, ta warware alwashin da mutum ya ɗauka tsakaninsa da Allah, ko yabo babu a ciki. To me ya sa tsohon nan kuka in ba sautin ba?

Maman Zara: Ƙanina kayi gaggawar yanke hukunci. Ɗauki Leka Dodi da Shlomo Alkabetz ya rubuta a garin Safed a ƙarni na 16, ita suke rerawa yammacin Juma'a don tarbar Asabar. Kusan kowace al'umma da nata karin, na Maroko daban na Folan daban, amma duk inda kaje in aka zo baitin ƙarshe sai kowa ya miƙe ya juya yana fuskantar ƙofa ya ɗan rusuna, saboda baitin cewa yake shigo amarya, shigo amarya. Asabar ɗin ce amaryar. Kari ya canza sau nawa, juyawar nan tana nan, kaga kalma ce ta juya su.

Ɗan Birni: Yaya na ji wannan, amma a 1844 malamansu masu neman gyara sun yi taro a Braunschweig ta Jamus suka ce a cire Kol Nidre don lafazinta na jawo musu zargi, mutane suka ƙi rabuwa da karin, har wasu wuraren suka ɗora shi kan wasu kalmomi, daga baya ma ta dawo. Ga kuma nigun na 'yan Hasidi, ɗariƙar da ta taso a yankin Yukiren a ƙarni na 18, waƙa ce da sau da yawa ba kalma ko ɗaya sai sautin "yai dai dai" marar ma'ana, su rufe ido su yi ta maimaitawa har a daɗe. Ina ma'anar da za ki ce ita ta ɗauke su?

Bitrus: Ku bani dama nima. Mu da muke karanta Zabura kullum mun san ba a raba biyun ba tun asali, guda 150 ne kuma da yawansu a kansu an rubuta umarni ga shugaban mawaƙa. Lawiyawa da garaya da molo da kuge suke rera su a Haikali. Ni abin da ke taɓa ni shine ta 137, bayin da aka kwasa zuwa Babila sun rataye garayunsu a kan itatuwa a bakin kogi sun ce yaya za su rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Sun ƙi waƙa, kuma ƙin nasu ya zama waƙar da ake rerawa har yau.

Malam Babba: Madalla da ku duka. Sai dai ku sani wannan gardamar su ma sun sha yin ta. Bayan Rumawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70 miladiyya aka bar kayan kiɗa a majami'a, sai murya da ƙahon rago, kuma da aka shigo da ogan, wato abin kiɗan nan na coci, a Hambog ta Jamus a 1818 ba ƙaramar rigima aka yi ba. Babban malaminsu Musa bin Maimun da kansa bai ji daɗin masu cika addu'a da waƙoƙi suna siffanta Allah yadda suka ga dama ba. Wani malaminsu Ibn Ezra kuwa ya soki waƙoƙin Kallir, wani mawaƙin addu'o'insu na da, don harshensu ya yi tsauri, mai addu'a bai san me yake faɗa ba. Wani abu da ya shafe mu, Dunash bin Labrat, mutumin Fas da yayi karatu a Bagadaza, shi ya ɗora waƙar Ibrananci kan arulin Larabci a Ƙurɗuba ta Andalus a ƙarni na 10, kamar dai yadda su Nana Asma'u suka auna rubutacciyar waƙarmu da shi.

Maman Zara: Allah ya ƙara sani Malam, kun kawo ni inda nake so. A Andalus ɗin nan ne Ibn Gabirol ya rubuta Keter Malkut, doguwar waƙa da wasu ke karantawa a daren Yom Kippur, tana ɗaukar mai addu'a daga ƙasa zuwa wata, zuwa rana da taurari ɗaya bayan ɗaya har gaban Al'arshi, baiti bayan baiti tana tambaya wa zai iya gane ikonka, sannan ta sauko da shi ya dubi ƙanƙantar kansa ya roƙi gafara. Wannan al'ajabin sautin "yai dai dai" ba zai baka shi ba ƙanina. Kuma Yahudawan Halab ta Siriya kowace Asabar da maƙamar da suke jan addu'a da ita, wato salon karin waƙar Larabawa, gwargwadon sashen Attaurar makon, in an zo rasuwar Saratu sai su ɗauki maƙamar Hijaz mai sautin alhini. Nassin ne ke zaɓar karin.

Ɗan Birni: To ai Yaya in nassi ya wadatar me ya kai su neman Hijaz? Su waɗannan mutanen Halab ɗin ne fa ke tashi wajen ƙarfe 3 na dare lokacin sanyi su taru a majami'ar Ades a Kudus suna rera bakashot, wato waƙoƙin roƙo, har gari ya waye, da karatu kawai ake so kowa sai ya karanta a ɗakinsa.

Malam Babba: Ɗana turo mana bidiyon Kol Nidre ɗin, ke kuma Maman Zara ki sa mana fassarar a ƙasa. Ina so in saurara sau ɗaya kafin in karanta, sannan in sake saurara bayan na karanta.