Harajin saye a kan tukwicin dole a gidan abinci: ina neman mafita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake riƙe da lissafin gidan abincin yayana a Bronx, cikin birnin New York. In baƙi suka kai mutum shida a tebur ɗaya, muna ƙara musu kashi 18 cikin ɗari a matsayin tukwicin masu kai abinci. Na'urar buga rasit ɗinmu tana haɗa wannan kuɗi da na abincin, sannan ta ɗora harajin saye na kashi 8.875 a kan jimillar.

Ƙa'idar jihar New York ta ce tukwicin dole ba ya shan haraji in an cika sharuɗɗa uku: a rubuta shi daban a rasit, a bayyana cewa tukwici ne, kuma kuɗin gaba ɗaya su tafi hannun ma'aikata. Biyun farko mun cika su. Na ukun ne ya tsaya mini a rai, domin in an biya da kati muna cire ladan kamfanin katin daga tukwicin kafin a raba. Shin wannan 'yar ragin ta rushe sharaɗin ke nan?

Sannan harajin da muka riga muka karɓa muka miƙa wa jiha fa, yaya za a yi da shi? Haƙƙin mutane ne, ba na son ya rataya a wuyanmu.

Don Allah wanda ya san dokar New York ya taimaka, tunda a Kalifoniya tukwicin dole yana shan haraji kai tsaye. Na gode, Allah ya saka da alheri.