Abin da majeman Tawa suka ce game da jima

Hira ta yi tsawo a majema, amma kowa ya yarda cewa fata tun wurin fiɗa take lalacewa: a sa mata gishiri ranar da aka feɗe ta, a shanya a inuwa.

Wurin cire gashi, dattawa sun tsaya kan toka da tsiron fatakka. Wani matashi ya ce farar ƙasa ta fi sauri, sai wani tsoho ya nuna masa tafin hannunsa, duk tsaga. Kashin tantabara kuwa, warinsa sai mai haƙuri, amma sinadaran inzayim da ke cikinsa ne ke sa fata laushi.

Kan kurom, wato sinadarin jima na zamani, aka rabu. Yana jeme fata cikin kwana guda, sai dai ruwansa guba ne, kar a zubar kusa da rijiya. Ni dai ga fatar jar akuyar Maraɗi, bagaruwa zan zaɓa.