Masu jinyar kansar mama: me za mu nema musu takamaimai?

Hajiyar Daura:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata a nan Daura za ta zauna da ma'aikatan lafiya kan matan da ke jinyar kansar mama. Kukan da muka fi ji shi ne ba a yi musu bayani, kuma kuɗi na yankewa ana tsakiyar magani. Masu sani, me za mu nema takamaimai, don kada mu je mu yi ta kame-kame?

Nas Ƙofar Sauri:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da lada. Ku fara da wannan: kafin a ɗaura wa mace kemo na farko, wato maganin kansa mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, a zaunar da ita da mai jinyarta, a faɗa mata tsarin maganin daga farko har ƙarshe da Hausa, a rubuta a takarda ta tafi da ita gida.

Takardar ta nuna sakamakon gwajin tsoka. Ana cirar ɗan nama daga ƙullutun da allura, a tabbatar kansa ce, sannan a sake gwada shi a ga abu uku: ER, PR da HER2, wato alamomin da ke nuna irin kansar da abin da ke sa ta girma. Wannan gwaji na biyu shi ake yawan tsallakewa saboda tsada, alhali shi ke nuna maganin da zai ci. Idan ER ya nuna akwai, ana ba da ƙwaya irin Tamoxifen, miligiram 20 kullum, shekara 5 zuwa 10. Idan HER2 ne, Trastuzumab ake so, yawanci duk mako uku har shekara guda, ana duba zuciya lokaci-lokaci. Wadda ba a yi wa gwajin ba, magani ake mata da ka.

Kemo yawanci duk kwana 21 ne, zagaye 6 zuwa 8, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini. A gaya mata tun farko cewa jan maganin nan, Doxorubicin, yana sa fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Gashin kai zai zube mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, zai kuma dawo bayan an gama. Mata da yawa a nan suke gudu, dangi su ce ai an faɗa, daji ba ya son allura, a koma wajen mai sakiya. Sakiya buɗe ciwon take yi, ƙwayoyin cuta su shiga, wata uku ko huɗu su wuce a banza.

Abin da ya fi haɗari: tsakanin kwana 7 da 14 bayan kemo garkuwar jiki na faɗuwa ƙasa. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi a wannan tsakanin na gaggawa ne. Ba a shan Paracetamol a kwanta, asibiti ake tafiya ko da tsakar dare. Don haka ku nemi a ba kowace mace lambar wayar sashen da za a ɗaga, ta kuma mallaki ma'aunin zafi a gida.

Mai Magani Ƙofar Marusa:
Sista ta yi bayani. Ni kan kuɗi zan yi magana, Hajiya. Kuskuren da ake yi shi ne a gaya wa iyali kuɗin zagaye ɗaya kawai. Su sayar da tunkiya su biya, na biyu a yi karo-karo, na uku shiru. Kemon da aka yi rabi aka bari, ko ake jinkirta shi da makonni, yana ba ciwon damar farfaɗowa. Ku nemi a ba su lissafin duka tun ranar farko: magani, gwajin jini, maganin amai irin Ondansetron, tiyata, gashin na'ura (ƙone kansar da hasken na'ura), har kuɗin mota da masauki.

Akwai asusun tallafin masu kansa na Gwamnatin Tarayya wanda ya haɗa da kansar mama, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na cikin asibitocin da aka fara shi da su. Rajista na buƙatar takardar sakamakon gwajin tsoka, don haka kada a bar ta ta ɓace. A riƙa ɗaukar hoton kowace takarda a waya.

Gashin na'ura kullum ake yi, Litinin zuwa Juma'a, mako 3 zuwa 5. A da sai an tafi Zariya, Sakkwato ko Abuja. A 2025 an buɗe cibiyar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, to a fara tambaya a can. Ko a Katsinan ne, wadda ke Daura ba za ta iya zuwa da dawowa kullum tana cikin wannan hali ba. Maganar masauki ku sa ta a gaba.

Malama Mai Gashin Ƙashi:
Ni dai ban yarda bayani da kuɗi su cinye zaman ba. Bayan an cire mama da kaluluwar hammata, ana sallamar mace da robar fitar da ruwa, ba a nuna mata yadda za ta zubar ta auna ba. Ta riƙa rubuta yawan ruwan kullum, da shi likita ke gane lokacin cire robar, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Motsa hannun ɓangaren da aka yi wa aiki tun washegarin tiyata ake fara shi a hankali: dunƙule yatsu a buɗe, juya kafaɗa. Bayan an cire robar, ta fuskanci bango ta riƙa hawa da yatsu sama kaɗan-kaɗan, sau uku a rana. Idan aka naɗe hannun ana lallaɓa shi, kafaɗa ta sandare, ranar gashin na'ura ta kasa ɗaga shi sama da kai. Idan ta ga zobe ko warwaro ya fara matse ta, ko hannun riga ya ƙi shiga, kumburi ne ya soma, ta zo da wuri. Ta kiyaye yanka da ƙunar murhu a wannan hannun, a kuma yi mata awon hawan jini da ɗibar jini a ɗaya hannun in da hali. Ƙaho kuwa a hana shi sam.

Hajiyar Daura:
Na gode ƙwarai. To batun maigida da haihuwa fa? Suna jin nauyin tambayar likita namiji.

Nas Ƙofar Sauri:
Ku nemi a ware ma'aikaciya mace don wannan, Hajiya, a kuma kira maigidan a gaya masa da baki cewa kansa ba a ɗaukarta ta kwanciya ko cin abinci tare. Ba a shayarwa ana kemo. Ɗaukar ciki ana kemo ko shan Tamoxifen na iya cutar da jariri, kuma ƙwayoyin tazarar haihuwa da allurarta ba su dace da ita ba, sai likita ya zaɓa mata wata hanya. Mai shan Tamoxifen ta ga jini ba lokacinsa ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ta koma asibiti a ranar.

Wadda ciwon ya yi nisa kuma, kada a ce mata a je gida a yi ta addu'a kawai. Akwai Morphine na sha duk awa huɗu, tare da maganin sassauta bayan gida, domin yana ɗaure ciki. Gyambon da ke wari ana wanke shi da ruwan gishirin asibiti, a sa Metronidazole bisa umarnin likita, warin ya ragu har 'ya'yanta su iya zama kusa da ita. Ku tambaye su a wane kantin asibiti ake samun Morphine ɗin, kuma wa ke rubuta shi.