Jan fenti a bangon Tela

Tela Na-Yelwa:
Salamu alaikum 'yan majalisa. Jiya da hantsi mutum uku suka sauko daga mota, ɗaya riƙe da gwangwanin fenti, suka zana mini jan gicciye a bangon shago, daidai ƙarƙashin allon da na rubuta kuɗin ɗinki. Wai rumfata ta ci hanya. Shekarata 19 a wurin nan, a unguwar Yelwa ta Garwa. Ga abin da ya fito mini cikin dare. Ƙafiya "ri" ce, wanda ya iya ya ɗauka.

Da sunan Allah zan buɗe baki,
In kai kukana gun masu aiki,
Sun shafa ja a bangon ɗaki,
Sun ce in kwashe in bar wuri.

Kullum da safe ina biyan tikiti,
Sefa ɗari, ban taɓa yin latti,
Kwata ta cika da leda da datti,
Ba mai kwashewa duk faɗin gari.

In kuɗi ne, sun san ƙofata,
In ruwa ne, sun manta hanyata,
Yau ga shi sun tuna rumfata,
Da guduma za su yi min alheri.

Ɗan Pumpumre:
Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma ni ina wucewa ta gaban shagon nan.

Kawu, faɗi gaskiya ko da ɗaci,
Kan kwata ka kafa rumfa da benci,
Ruwa ya juya gidan maƙwabci,
Sannan ka ce laifin na meri.

Ina permi? Ina titir na fili?
Ka gina ba izini ba dalili,
Jawro ya ci goro ya zama wakili,
Wannan takarda ba ta da tasiri.

Ba ni na ƙago ba. Dokar tsarin birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta ce gini a gari sai da permi, wato izinin meri, magajin gari. Kuma tun dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974, titir, wato takardar rajistar fili ta gwamnati, shi ne shaidar mallaka a Kamaru. Takardar da aka rubuta a zauren jawro mai unguwa ba ta tsai da katafila.

Hajiya Mai Ƙosai:
Kai yaro, wa ya aiko ka?

Ɗan Pumpumre mai bakin aku,
Ɗaki ɗaya kuke haya ku uku,
Ka fara nuna titir na gidanku,
Kafin ka koya wa Tela tsari.

Na bi titir ɗin nan shekara shida,
Na kai wa sufurefe takarda,
An dasa turaku, an kira shaida,
Har yau amsar: Hajiya, yi haƙuri.

Tela Na-Yelwa:
Allah ya bar mana ke Hajiya! Rigar salla kyauta, ɗinki da zare duka.

Ɗan Pumpumre:
To, an fara sayen alƙalai da atamfa.

Inna, ina ruwan wankin wakenki?
Cikin kwata, da tokar murhunki,
In ta toshe ki ɗaga muryarki,
Ki ce gwamnati ce ta yi sharri.

Haya nake, ban musa ba, Inna,
Amma ba gicciye a inda nake kwana,
Gara haya da ginin da za a tona,
In katafila ta zo da wuri.

Malam Na-Lopere:
Ni ba ruwana da kwata, amma kunnena ba ya barin gurguwar waƙa ta wuce. Ɗan Pumpumre, koma baitinka na permi. Ɗango uku kowanne gaɓa 11, "Jawro ya ci goro ya zama wakili" kuwa 12. Mai yi wa mutane wa'azin kar su ci hanya, ga ɗangonsa ya ci hanya. Cire "ya" ɗin nan na biyu ka sake gini.

Ɗan Pumpumre:
Malam, da girmanka. Ƙirga baitin Kawu na uku mana: 9, 10, 9, 11. Wannan ai ba baiti ba ne, matakalar bene ce. Shi ba ka gani ba don shi ke ɗinka maka jallabiya?

Malam Na-Lopere:
Tela rerawa yake, mai rerawa yana jan wasali ya cike gurbi. Kai karanta doka kake.

Almajirin Jambutu:
Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa in sa baki. Aruli, ilimin awon waƙa, ai ba ƙirgen gaɓa ba ne kamar ana ƙirga buhunan gyaɗa. Nauyi ake dubawa, mai nauyi da marar nauyi, da yadda suka jeru. Gaɓa biyu marasa nauyi suna iya zama a gurbin ɗaya mai nauyi, kamar yadda ake yi a bahar Kamil, ɗaya daga cikin ma'aunan waƙar Larabci. In da awon Halilu na Basra, wanda ya tsara aruli, za a bi da gaske, duk abin da aka rubuta a nan tun safe ba wanda zai tsira, har da na Hajiya.

Hajiya Mai Ƙosai:
Kar ka sa ni ciki. Ni da ludayi nake awo.

Malam Na-Lopere:
Almajiri, tun ba a haife ka ba nake karantar da bahar 16 na Halilu.

Almajirin Jambutu:
15 ne nasa, Malam. Mutadarik ɗalibinsa Ahfash ne ya ƙara.

Malam Na-Lopere:
Shi ya sa ake cewa ɗalibai ba su da kunya tun zamanin Basra.

Ɗan Domayo:
Jama'a ana maganar bangon mutum kun tafi Basra. Bari Marwa ta shigo.

Mutanen Garwa kun cika ƙorafi,
Ƙwallon Afirka ta ba ku ƙarfi,
Kwalta har Rumde Ajiya, ku yi tafi,
Mu Marwa sai ƙura da tari.

Mayo Kaliyawo rani yashi,
Damina ta sauka ya tashi,
Ya ci bango ya bar mu da bashi,
Rumfa ɗaya ta hana ku sarari!

Tela Na-Yelwa:
Ɗan Domayo, kwana biyu ka yi a Garwa lokacin gasar ƙwallon Afirka ta 2022 a filin wasa na Rumde Ajiya, a motar masu kallo, shi ke nan ka zama masanin gari.

Kwalta ta tsaya a babbar hanya,
Daga otal zuwa Rumde Ajiya,
Lungunmu in an yi ruwa, tsiya,
Mai babur ma sai ya ninka ɗari.

Ɗan Pumpumre:
Kullum ba a yi ba, ba a yi ba. A 2009 gwamnati ta ƙaddamar da shirin gidaje 10,000 da filaye 50,000. A shirin gaggawa na 2014 aka sa gida 100 a kowane babban birnin jihohi takwas, Garwa da Marwa da Ngaundere suna ciki. Bankin lamunin gina gida ma tun 1977 yake nan. Wa ya je ya tambaya a cikinku?

Hajiya Mai Ƙosai:

Gida ɗari ka ce, ɗan nan,
Ƙirga ƙofofin layinmu ɗin nan,
Ɗari ta ƙare kan ka kai can,
Ga Yelwa, ga Lopere, ga sauran gari.

Mai bashi sai takardar albashi,
Ni albashina kasko da garwashi,
In na kai masa ƙosai, ya karɓe shi?
Ya ba ni makulli in shiga da wuri?

Ɗan Domayo:
Kasko da garwashi! Hajiya, Marwa ta sallama miki. Garwa ba ku cancanci matar nan ba.

Malam Na-Lopere:
"Nan" da "nan" a baiti ɗaya, Hajiya. Maimaita kalma ɗaya a ƙafiya aibi ne. Na faɗa don kar a ce ina son kai.

Almajirin Jambutu:
Tunda an koma kan doka, abin da ni ke damuna shi ne na 24 ga Disamba 2019. Ta ce kason da ake ware wa ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ta cire wakilin gwamnati da ake naɗawa, ta sa kansiloli su zaɓi magajin birni. Yanzu Garwa meri uku ne da na birni a samansu. To in kwata ta toshe, ƙofar wa za a buga? Sannan dokar ta ce magajin birni sai ɗan asalin jihar, mu da kakanninmu suka zo da fatauci...

Malam Na-Lopere:
Tsaya nan, Almajiri. Wannan ba a baiti ake warware ta ba.

Bakusuriya:
Ku gafarce ni, kwana biyu waya ba caji, yanzu na karanta duka a zama ɗaya. Na yi dariya har yara suka leƙo. Mu da ruwa ya shiga mana ɗaki a 2022 ya sake dawowa a 2024, ga namu:

Ku kuna ta faɗa a kan gaɓa,
Mu nan Logon ya ci gaɓa,
Mun jera buhun yashi, bai tsaya ba,
Da kwalekwale aka yi yawo a Kusuri.

Shi kogi ba ya shafa fenti,
Ba ya neman permi ko tikiti,
Ya ɗau katifa da akwati,
Mai titir da maras shi, layi ɗaya a tudun gari.

Malam Na-Lopere:
Masha Allah! Kafin wani ya ce na yi shiru: gaɓa ta farko ta waƙa ce, ta biyu ta kogi, ma'ana ta bambanta, don haka jinasi ne, ba aibi ba. Ɗangon ƙarshe dai ya yi ambaliya, amma na yafe, ruwa ne ya ja shi.

Ɗan Pumpumre:
Ita an yafe mata gaɓa 16, ni an kama ni da ɗaya.

Tela Na-Yelwa:
To jama'a, yau bayan asuba na kira yarana biyu muka kwance rumfar da kanmu, gara in tsira da kwanona takwas da katako. Da muka ɗaga kankaren da ke kan kwatar, abin da ke ciki leda ce da yashi, sai kuma ƙyallaye, dunƙule guda kamar kan saniya. Na gane shaddar Malam a ciki, ruwan ƙasa, ta sallar bara. Muna cikin kwasa mai tikiti ya iso, ya dubi inda rumfa take da, ya yaga ya miƙo mini.

Na kwance kwano na jingine,
Na tono kwata, ƙyallen nawa ne,
Mai tikiti ya ce shago a buɗe ne,
Na laluba aljihu na ba shi ɗari.

Kar wanda ya gaya wa Ɗan Pumpumre maganar ƙyallen nan.

Ɗan Pumpumre:
Na gani, Kawu.

Malam Na-Lopere:
Tela, da za ka yanka ai cewa ka yi yadi biyar bai ishe ni ba, ko tsinke ba zai ragu ba.