Waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗauka

Autar Mama: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina so duk sanda mahaifiyata ta kira ni ta riƙa jin waƙar da take so kafin in ɗauka. Waƙar tana cikin wayata, ya zan yi?

Babban Yaya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba daga wayarki take fitowa ba, kamfanin layinki ne ke kunna wa mai kiran, shi ya sa ko ƙaramar waya gare ki zai yi. Sai kin yi rajista, kin zaɓa cikin waƙoƙin da suke da su.

Uwar Biyu: Ki lura, haya ce, za su dinga cira daga katinki har sai kin soke. Ni da na sa wa maigidana, lambarsa kaɗai na ware wa, don ba na son abokan aiki su ji. Ki tambaya ko layinki na yin haka.